Golap da ta koma Sukumari: 'yar wasan Kalkata da ta rubuta nata wasan a 1875

Tambayar da wata ɗaliba ta aiko: "Malam, na ji an ce a ƙasar Bangal ta Indiya, matan da suka fara hawa dandamalin wasan kwaikwayo daga gidajen karuwai aka ɗebo su, har ma ɗaya daga cikinsu ta rubuta wasa da kanta. Gaskiya ne? Wace ce, me ya same ta, kuma ita ce mace ta farko da ta rubuta wasa a harshensu?"

Ƙanwata, abin da kika ji gaskiya ne, sai dai an dunƙule miki shi da yawa. Matar da kike tambaya sunanta na fari Golap, wato furen wardi, wasu kuma su ce Golapsundari. Daga baya duniya ta san ta da Sukumari Datta. Wasan da ta rubuta sunansa Apurba Sati, an buga shi, an kuma yi shi a gaban 'yan kallo a Kalkata a 1875. Amma ba ita ce mace ta farko da ta rubuta wasa da Bangali ba, zan zo kan wannan. Ki ɗan yi haƙuri in yi shimfiɗa tukuna, don in ba ki san irin garin da ta tashi a cikinsa ba, aurenta da rubutunta duk za su zo miki kamar tatsuniya.

Indiyar da akasarinmu muka sani ta fina-finan Bombay ce masu harshen Hindi. Bangal tana can gabas, da harshenta da baƙaƙen rubutunta daban, kuma yau a rabe take: wani ɓangare jiha ce a Indiya, wani ɓangaren shi ne ƙasar Bangladesh. A zamanin da muke magana Kalkata ce hedikwatar mulkin Turawan Ingila a Indiya, kuma haka ta zauna har 1911. Gari ne na kuɗi, na 'yan boko, na jaridu, na attajirai masu filaye da ake kira zamindar, waɗanda ke karɓar haraji daga manoman ƙauye su zo birni su kashe.

Wasan gargajiyar Bangal, wanda suke kira jatra, a fili ake yin sa da kiɗa da waƙa, kuma maza da yara samari ne ke fitowa a matsayin mata. An ɗan taɓa gwada mata kafin zamanin Golap. A 1795 wani mutumin Rasha, Gerasim Lebedev, ya shirya wasa da Bangali a Kalkata da mata a ciki, abin bai ɗore ba. A 1835 wani attajiri, Nabin Chandra Basu, ya yi wasa a gidansa da ke unguwar Shyambazar, wata yarinya Radhamoni ta fito a matsayin tauraruwa. Daga nan shiru, kusan shekara arba'in. Manyan gidaje suka ci gaba da shirya wasanni a farfajiyarsu, sai wanda aka gayyata ke shiga, kuma ƙattai ne ke aske gashin baki su ɗaura sari su maƙale murya.

A watan Disamba na 1872 wasu samari suka buɗe National Theatre, gidan wasa na farko da kowane ɗan Bangal zai sayi tikiti ya shiga. Sun fara da Nil Darpan na Dinabandhu Mitra, wasan da ya tona irin zaluncin da Turawa masu gonakin baba ke yi wa manoma, baban nan dai da ake rini da shi a marina. Ko a nan ma maza ne suka yi matan.

Shekara na zagayowa sai Sarat Chandra Ghosh da abokansa suka tashi kafa nasu gidan, Bengal Theatre, a titin Beadon. Suka nemi shawarar babban mawaƙi kuma marubuci Michael Madhusudan Dutt. Shi kuwa ya daɗe yana kallon matan da ya ƙaga a rubutunsa suna fitowa da muryar maza, ya ce musu su nemo mata na gaskiya. Wanda ya fi kowa ƙin wannan shawara shi ne Ishwar Chandra Vidyasagar, har ya janye jikinsa daga harkar gidan. Abin da ke ba ni mamaki kullum, Vidyasagar ɗin nan shi ne ya yi ta faɗi-tashi har aka yi dokar 1856 da ta halatta wa matar Hindu da mijinta ya mutu ta sake aure. Mutumin da ya fi kowa tausayin mata a zamaninsa, shi ne bai yarda waɗannan matan su tsaya a gaban jama'a ba. Madhusudan ya rasu ranar 29 ga Yuni 1873, bai ga abin da ya shuka ba. Ranar 16 ga Agusta aka buɗe gidan da wasansa, Sarmistha. Mata huɗu aka ɗauka aiki: Jagattarini, Elokeshi, Shyama, da Golap.

To, me ya sa daga can aka ɗebo su? Saboda babu wani wurin da za a samu. Matan gidajen mutunci na Kalkata, Hindu da Musulmi duka, a kulle suke, a sashen ciki na gida, kuma tun suna ƙanana ake aurar da su. Babu uban da zai bari 'yarsa ta tsaya gaban ɗaruruwan maza tana magana, balle waƙa. Matan da suka iya waƙa da rawa, suke kuma da ikon fita da dare ba tare da izinin kowa ba, suna unguwannin arewacin birnin ne, inda mata masu zaman kansu suke. Ina so ki tsaya a kan kalmar "karuwa" a nan, don ta haɗiye mutane iri-iri. Akwai yaran da mazajensu suka mutu tun ba su san me ake kira aure ba, dangin miji suka kore su, gidan uba ya ƙi karɓa. Akwai matan wasu manyan Brahman, wato zuriyar malaman addinin Hindu, da ke auren mata barkatai don kuɗin da iyayen amarya ke ba su, matar ta yi shekaru ba ta sa mijin a ido ba. Akwai ƙwararrun mawaƙa da ake kira baiji. Akwai kuma 'ya'yan da aka haifa a unguwar, waɗanda tun ran suna aka gama yanke musu hukunci. Gwamnatin Turawa ta ƙara musu da dokar 1868, wadda ta tilasta musu yin rajista wurin 'yan sanda da zuwa likita ya duba su, don kare lafiyar sojojin Ingila. Ga mace a irin wannan hali, albashin wata a gidan wasa, komai ƙanƙantarsa, wata ƙofa ce da da can babu ita.

Jaridu suka yi caa. Masu wa'azin gyaran tarbiyya suka ce an buɗe makarantar lalata ɗalibai. Amma tikiti ya yi ta sayuwa, har abokan hamayyarsu na Great National Theatre, waɗanda suka buɗe a ƙarshen 1873 da maza zalla, suka ga ba sarki sai Allah, su ma suka ɗauki mata a 1874.

Ki ɗan kwatanta dandamalin Bengal Theatre a ranki. Ba katako ba ne, tudun ƙasa ne aka dandaɓe. Sarat Ghosh gwanin sukuwa ne, don haka a wasan Durgeshnandini, wanda aka ciro daga littafin Bankim Chandra Chattopadhyay, a kan doki na gaske yake shigowa. A wannan wasan Golap ta yi suna, a matsayin Bimala. Bimala ba ita ce budurwar da ake so a labarin ba. Babbar mace ce mai wayo da baki, wadda ke zaune a fada kamar mai hidima alhali a ɓoye matar mai fadar ce, kuma da aka kashe mijin, ita ta yi kwalliya ta shiga wurin shagalin wanda ya kashe shi ta soke shi da wuƙa. Mai yin Bimala dole ta iya ba da dariya, ta iya yaudara, ta iya waƙa, sannan a ƙarshe ta sa tsigar jikin mutane ta tashi. Wanda ya taɓa horar da 'yan wasa ya san samun kyakkyawar yarinya mai iya kuka ba wuya. Mai iya Bimala ce ake daɗewa ba a samu ba. Kuma ki tuna, da yawa daga cikin matan nan ba su yi karatun kirki ba, da ka ake biya musu layukansu suna haddacewa, a bakin malamai irin su Girish Chandra Ghosh da Ardhendu Sekhar Mustafi.

Shekarar 1875 ita ce ta juya rayuwarta, kuma duk abin da kika tambaya a cikinta ya faru. A farkonta aka yi wasan Sarat-Sarojini na wani matashin marubuci mai zafin kai, Upendranath Das, a Great National. Golap ta fito a matsayin wata yarinya mai suna Sukumari. Ta yi abin da kyau har sunan ya bi ta, mutane suka daina ce mata Golap. Upendranath yana cikin masu ganin cewa hanyar da za a wanke 'yan wasa mata daga zagi ita ce a aurar da su. Sai ya haɗa ta da wani ɗan wasan ƙungiyar, Goshthabihari Datta, ɗan gidan mutunci daga zuriyar fataken zinariya. Babu malamin Hindu da zai ɗaura irin wannan aure, don haka aka bi ta Doka ta 3 ta 1872, dokar auren rajista da ta samu saboda fafutukar Keshab Chandra Sen da ƙungiyar Brahmo ta masu gyaran addini. Dokar ta yarda a yi aure ba tare da duba asalin gado ba, wato ajin da ake haifar mutum a cikinsa a wurin Hindu, amma da sharaɗi mai nauyi: ango da amarya sai sun sa hannu cewa ba sa bin addinin Hindu, ko Musulunci, ko Kiristanci, ko sauran addinan da aka lissafa. Kin ga ke nan tun a ofishin rajista Goshthabihari ya riga ya sa ƙafa ɗaya a wajen danginsa.

Gari ya ɗauka. Aka yi musu waƙar zambo ana rerawa a titi. Danginsa suka yafe shi. Ita kuma ta bar dandamali ta zauna a gida a matsayin matar aure, abin da ake cewa shi ne burin. Sai dai an manta da lissafi guda: ita ce mai sana'ar da ke kawo kuɗi, shi kuma an toshe masa gado da taimakon dangi. Talauci bai ɓata lokaci ba. Ƙarshenta mijin ya kama aikin jirgin ruwa ya tafi Ingila, ya bar ta da 'ya mace, bai kuma dawo ba, can ya mutu.

Ba na zargin Upendranath da mugun nufi. Mutum ne mai ƙarfin hali, za ki ga haka nan gaba kaɗan. Amma a wannan magana gyaran gangar Auzinawa ya yi. Ya ɗauka matsalar Golap rashin miji ce, alhali ta riga ta sami abin da ya fitar da ita daga unguwar da ta fito, wato aikinta. Auren ya cire ta daga aikin, mutuncin da aka yi mata alkawari kuma bai zo ba, don mutanen da ke ƙyamarta ba su sake ra'ayi ba saboda takardar rajista. Abin da ta tsira da shi daga auren, sunan Datta ne da ɗiya. Abin da ya ciyar da su biyun kuwa, dandamalin nan ne da aka ce ta bari.

A cikin watannin nan na farkon aure Apurba Sati ya fito, aka yi shi a watan Agusta na 1875 a matsayin daren tallafinta. Al'ada ce da suka ɗauko daga gidajen wasan Ingila: a ware dare guda, ribar tikitin ta tafi ga ɗan wasa ɗaya. Wato wasan da kansa hanyar neman abin sawa a baka ne ga matar da aure ya talauta.

Sunan wasan shi ne abu na farko da nake so ki lura da shi. Kalmar sati a wurinsu tana nufin mace mai tsarki wadda ta riƙe amanar miji ɗaya har mutuwa. Daga nan ne aka samo sunan tsohuwar al'adar ƙona mace tare da gawar mijinta, wadda aka haramta a 1829. Babu yabon da ya fi wannan girma ga matar Hindu. Apurba kuma abin da ba a taɓa ganin irinsa ba. Idan ina koyar da wannan darasi nakan rubuta fassarar sunan a allo, in ce ɗalibai su yi hasashen labarin. Kullum amsar ɗaya ce: matar kirki ce da miji ya wulaƙanta ta yi haƙuri. Sai in ce musu tauraruwar, Nalini, 'yar karuwa ce. Ajin yakan yi tsit na ɗan lokaci, sannan musu ya ɓarke, kuma na lura wanda ya fi ɗaga murya cewa sunan bai dace ba yawanci bai jira ya ji labarin ba.

Ga labarin a taƙaice. Nalini ta tashi a gidan uwarta, an koya mata karatu, uwar kuma tana jiran ranar da za ta ci moriyar 'yar kamar yadda ake yi a unguwar. Nalini ta kamu da son Chandraketu, ɗan wani zamindar, shi ma yana son ta da gaske, ta ƙudura cewa ba ta da wani namiji sai shi. Suka gudu. Uban yaron ya sa ƙarfi ya raba su. Wasan ya ƙare da mutuwar masoyan biyu. In don tsarin labari ne, ba wani sabon abu, irinsa sun cika dandamalin wancan zamani, har da yawan kuka da dogayen jawabai. Ba zan ce miki gwanintar rubutu ce ta sa ake tuna shi ba. Abin da ya bambanta shi, wadda ta ba da labarin daga cikin gidan take. Marubuta maza na lokacin sun yi ta rubuta karuwa a matsayin ramin da ɗan mutanen kirki ke faɗawa. A nan an juya madubin: yarinyar ce mai amana, masu mutuncin ne suka kashe ta, kuma uwar da ta haife ta tana cikin masu cinikinta. Matar da aka gama yi wa waƙar zambo don ta yi aure, ita ce ta ɗauki kalma mafi tsada a bakin masu zaginta ta liƙa wa 'yar unguwarsu.

Akwai muhawara a kan wanda ya rubuta shi, kuma gara ki ji ta daga bakina. Sunan wani namiji, Ashutosh Das, yana haɗe da littafin, don haka wasu suka ce shi ya rubuta aka sa sunanta don a ja kasuwa, wasu suka ce tare suka yi, wasu suka ce nata ne ya gyara mata. Ni ina tare da masu cewa labarin da idon da aka kalle shi da shi nata ne, ko da wani ya sa hannu a jimlolin. A gidajen wasan wancan zamani rubutu yakan bi ta hannu da yawa kafin ya kai dandamali. Girish Ghosh kansa da baki yake shifta wasanninsa wasu na rubutawa, ban kuma taɓa jin an ce don haka ba nasa ba ne.

Game da ko ita ce ta farko: a'a. Tun 1866 Kaminisundari Devi ta buga wasa mai suna Urbashi, ta ɓoye sunanta a bayan laƙabin da ke nufin "'yar Brahman". Ita matar gida ce da ta yi rubutu daga cikin kulle, labarinta kuma daga tatsuniyoyin addininsu ta ɗauko. Abin da za ki iya faɗa ba tare da kowa ya ƙaryata ki ba shi ne, Sukumari ce 'yar wasa ta farko a Bangal da aka buga wasa da sunanta, aka kuma yi shi a gidan wasan da jama'a ke biya su shiga.

Ba a nan 1875 ta ƙare mata ba. Upendranath ya sake rubuta wani wasa, Surendra-Binodini. Binodinin da ke cikin sunan 'yar cikin labari ce, kada ki haɗa ta da shahararriyar 'yar wasan da zan ambata. Sukumari ta fito a matsayin Birajmohini, yarinyar da wani majistare Bature ya nemi yi wa fyaɗe, ta yi tsalle daga sama don ta tsira. A nuna Baturen gwamnati haka, a babban birnin mulkinsu, ba ƙaramin abu ba ne. Ana cikin haka Yarima mai jiran gadon Ingila ya zo Kalkata, wani lauya mai suna Jagadananda Mukherjee ya shigar da shi har sashen matan gidansa suka tarbe shi. Mutanen gari suka ga wannan zubar da girma ne, Great National ta yi wasan barkwanci a kansa a watan Fabrairu na 1876. 'Yan sanda suka hana, aka sake masa suna aka maimaita, suka sake hanawa. Sai 'yan wasan suka juya kan 'yan sandan. Kwamishinan sunansa Hogg, wani babban jami'insa kuma Lamb, sunayen da a Ingilishi suka yi daidai da alade da ɗan tunkiya, don haka sabon wasan aka sa masa sunan 'yan sandan alade da tunkiya. Gwamna Janar Northbrook ya fitar da dokar gaggawa a ƙarshen Fabrairu. A farkon Maris aka kama Upendranath da Amritalal Basu da wasu, aka ce Surendra-Binodini batsa ne, aka yanke wa su biyun ɗaurin wata guda. Babbar kotu ta soke hukuncin cikin 'yan makonni. Amma a Disamba na 1876 aka kafa dokar tace wasannin kwaikwayo, wadda ta ba gwamnati ikon hana duk wasan da ta ga dama. Dokar ta fi mulkin Turawan tsawon rai, don sai a 2001 Bangladesh ta soke ta. Duk littafin tarihin da kika buɗe zai ba ki sunayen mazan da aka kama. Fitowar da aka kafa hujja da ita a kotu kuwa, a jikin Sukumari aka yi ta.

Nan zan ɗan ratse. Na san abin da ke ranki, don ɗalibaina ma da sun ji wannan sai su ce ai kamar maganar 'yan fim ɗinmu ne, da surutun da ake yi in sun yi aure ko auren ya mutu. Akwai ɗan kama a wajen yadda jama'a ke son kallo suna kuma zagin wadda suke kallo. Amma kada ki ja kwatancen ya wuce nan. A Bangal ta wancan lokaci ƙazantar gado ce ake ganin tana bin jini, 'yar da aka haifa a unguwar ba ta da hanyar fita ko da ba ta taɓa aikata komai ba, kuma matar da mijinta ya mutu ba ta da zawarci irin wanda muka sani. Wannan wani ciwo ne daban.

Bayan guguwar ta lafa, Sukumari ta ci gaba da sana'arta, kuma a nan hanyarta ta haɗu da ta Binodini Dasi, wadda ta shigo harkar a 1874 tana yarinya 'yar kimanin shekara 12, a kan albashin rupi 10 a wata. Sun yi aiki tare a Bengal Theatre. A wasan Mrinalini, Binodini ta yi Manorama, Sukumari ta yi Girijaya, yarinya mai bara da waƙa, matsayin da sai mai murya. A Kapalkundala, Binodini ce yarinyar daji da ba ta san duniya ba, Sukumari kuma Motibibi, matar da ta ga jiya ta ga yau a fadar sarakunan Mughal, Musulmin da suka mulki Indiya kafin Turawa. Ki duba jerin: Bimala, Girijaya, Motibibi, daga baya Rohini, bazawarar da ta ƙi haƙura da zaman takaba na har abada. Duk daga littattafan Bankim suke: kusan duk matan labaransa masu kaifi, waɗanda ba su dace da ma'aunin matar kirki ba, ita ake ba.

A 1883 matan biyu kowacce ta yi yunƙurin mallakar wurin da take aiki. Sukumari ta haɗa ƙungiyar wasa ta mata, Hindu Female Theatre, ba ta yi tsawon rai ba, ta koma aiki a gidajen da maza ke da su. Na Binodini ya fi ciwo, kuma mun san shi dalla-dalla don ita ta rubuta. Wani matashin attajiri, Gurmukh Rai, ya ce zai gina wa ƙungiyar Girish Ghosh gidan wasa in Binodini ta yarda ta zama tasa. Har rupi 50,000 ya yi mata tayi ta bar wasa gaba ɗaya, ta ƙi, ta zaɓi a gina gidan. Abokan aikinta suka roƙe ta, suka yi mata alkawarin za a sa wa gidan harafin farko na sunanta. Ta ba da labarin yadda bayan an tashi daga gwaji take zuwa wurin ginin da dare, ta ɗauki kwandon ƙasa da kanta, tana ƙara wa leburori kuɗin wuri a kan kowane kwando don aiki ya yi sauri. Ranar rajista suka dawo suka ce mata an sa masa Star, wai sunan mace irinta zai kori 'yan kallo. Sakiyar da ba ruwa ke nan. Da Gurmukh ya tashi sayar da gidan, ko kaso ɗaya ba ta samu ba. A 1884 ta yi wasan da ya fi ɗaukaka ta, ta fito a matsayin waliyyinsu Chaitanya, har babban malaminsu Ramakrishna ya zo kallo ya sa mata albarka. Zuwa farkon 1887 ta bar dandamali, shekarunta ba su kai 25 ba.

Sukumari ba ta bari ba. Binodini ta sauka, ita tana nan tana karɓar matsayi a gidaje daban-daban, har da Emerald Theatre da aka buɗe a 1887 a ginin nan na titin Beadon da Binodini ta ɗebi ƙasarsa.

Dalilin da ya sa za ki ji sunan Binodini sau goma kafin ki ji na Sukumari sau ɗaya, Binodini ta rayu har 1941, ta kuma rubuta tarihin rayuwarta, Amar Katha, wato "Labarina", wanda ya fito wajen 1912, aka fassara shi, aka yi wasanni da fina-finai a kanta. A ƙarshen 2024 gwamnatin jihar Bangal ta Yamma ta sanar da sauya sunan Star zuwa na Binodini, ko da yake ginin da ke ɗauke da sunan yau na unguwar Hatibagan ne, wanda ƙungiyar ta koma a 1888 bayan ta riga ta tafi. Sukumari ba ta rubuta tarihin kanta ba. Masu bincike suna tsinto ta ne daga tallan jaridu, da sharhin 'yan kallo, da 'yan layukan da Binodini ta ambace ta a ciki, inda ta sa sunayenta biyu a jere, na aure da na gida. In kina son jin muryarta ita kanta, sai ki nemi Nalini.